Yadda na tayar da Twin Famicom ɗin Sharp bayan bel ɗinsa ya narke

A unguwar Nipponbashi ta birnin Osaka na tsinci gem ɗin nan na talabijin, wurin da ake kira Den Den Town. Unguwar 'yan kayan lantarki ce, shago na bin shago, kuma da wuya ka shiga shagon tsofaffin kaya ba ka tarar da wani lungu da aka tara abubuwan da aka fid da rai da su ba. Japanawa suna ce wa irin wannan kaya janku. Mai shago bai ɗauki alhakin komai ba. Ka duba, ka biya, in ka fita da shi ya zama naka, ko ya yi ko bai yi ba. A can ƙasan kanta, bayan wani kwali cike da wayoyi, na hango baƙin akwati mai ratsin kore an naɗe shi a leda, da 'yar takarda manne a kai. Da ɗan Japancin da na koya a shekara biyun da na yi ina karatu a garin na harhaɗa abin da aka rubuta: kaset yana yi, faifai ba ya yi, babu adafta.

Na ɗaga shi da hannu biyu, nauyinsa ya ba ni mamaki, domin gem ɗin da na sani a ƙuruciya bai fi nauyin kwanon sha ba. A gidanmu a Kano yayana ne ya fara kawo shi ina firamare. Duk tsarana ya san irinsa: hannu biyu na sarrafa wasa, bindigar harbin agwagi, da kaset rawaya da aka rubuta wa wasa dubu-dubu a jiki, in ka bi jerin kuma 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Mu jona shi da talabijin ta wajen eriya, mu baje a tabarma har a ɗauke wuta. Ranar da ya mutu, Baba ya tafi da shi shagonsa, don shi mai gyaran rediyo da rikoda ne, ni kuma na bi shi na tsaya a kansa. Da ya kwance sai ga ɗan fanel da bai kai tafin hannu ba, da ɗigon wani baƙin abu a tsakiya kamar kwalta ta daskare. Ya taɓa ɗigon da bakin sukundireba ya ce duk gem ɗin yana ƙarƙashin nan, kuma wanda ya yi shi bai yi shi don a gyara ba. Ya mayar da murfin ya miƙo mini. Wannan rana ba ta taɓa fita daga raina ba.

Abin da ke hannuna a shagon Osaka shi ma ba kamfanin Nintendo mai asalin gem ɗin ne ya ƙera shi ba. Sharp ne, sunansa Twin Famicom. Kwaikwayo ne kamar namu na gida, sai dai wannan da izinin mai abu aka yi shi. Ina son in ga da idona abin da izinin nan ya bambanta a ciki. Kuɗinsa bai kai abin da nake kashewa a abincin kwana uku ba, na biya na rungumo shi a jirgin ƙasa har ɗaki.

Nintendo ya fitar da asalin gem ɗin, Famicom, a Japan ranar 15 ga Yuli, 1983, a kan yen 14,800. A watan Fabrairu na 1986 ya ƙara masa wata na'ura daban mai karanta faifai, Disk System, a kan yen 15,000, wadda ake ɗora Famicom a kanta a haɗa su da waya. Ba a yi wata biyar ba, ranar 1 ga Yuli, 1986, Sharp ya fito da nasa da ya haɗa su biyun a akwati ɗaya, akwai ja akwai baƙi, a kan yen 32,000. In ka yi lissafi, sayen na Nintendo guda biyun ya fi sauƙi da yen 2,200. To me mutum ke samu da wannan ƙarin? Akwati ɗaya maimakon biyu, adafta ɗaya, ba ruwanka da manyan batura shida da Disk System ke ci in ba ka saya masa tasa adaftar ba. Babban abin kuma yana baya: ramukan hoto da sauti, irin waɗanda muka sani a jikin bidiyo. Famicom na asali ta eriya kaɗai yake shiga talabijin, da duk yayyafin da ke biyo wannan hanya, kuma sai a ƙarshen 1993 Nintendo ya yi nasa mai irin waɗannan ramuka. Nawa samfurin AN-505 ne, wanda ya biyo baya a 1987, mai 'yar fitila da ke nuna an kunna, da makunnan da ke sa maɓalli ya riƙa danna kansa da sauri a jikin hannayen.

Ba haka kawai Nintendo ya miƙa wa Sharp ƙirarsa ba, daɗaɗɗiyar hulɗa ce. Masayuki Uemura, injiniyan da ya jagoranci ƙera Famicom, asalinsa ma'aikacin Sharp ne mai tallar ƙwayoyin da ke jin haske. Ta wannan talla ya haɗu da Gunpei Yokoi na Nintendo, aka yi bindigar wasa mai harbi da haske, daga baya a farkon shekarun 1970 ya koma Nintendo gaba ɗaya. 'Yan gem ɗin aljihu na Game & Watch da suka fara fita a 1980 da gilashi da ƙwaƙwalwar Sharp suke aiki. A 1983 ma Sharp ya yi talabijin mai Famicom a cikinsa, C1. Kai, hatta kalmar Famicom ɗin, Sharp ne ya riga yi mata rajista, don wani murhun gashi na lantarki da yake sayarwa, shi ya sa a jikin na'urar Nintendo cikakken sunan Family Computer ake gani, a jikin ta Sharp kuwa an rubuta Famicom ɓaro-ɓaro. Kyoto, garin Nintendo, da Osaka, inda Sharp yake a lokacin, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce a jirgi.

Aikin farko wuta ce, kuma a nan mutane da yawa ke kashe na'urar tun ba su buɗe ta ba. Adaftar Famicom volt 10 take bayarwa, kuma tsakiyar bakinta nagetif ne. Twin Famicom volt 7.6 yake so, amfiya 1.25, tsakiyar kuma fozitif. Wato a juye suke. Wanda ya ga sunan ɗaya ne ya cusa wannan a wancan, zai iya ƙona sashen wutar nan take. Na karanta rubutun da ke ƙasan akwatin sau biyu, na samo adafta mai saiti, na auna bakinta da mita kafin ta kusanci ramin, na sake aunawa. Sannan na danna makunni. 'Yar fitilar ta kama.

Kaset ɗaya nake da shi, Super Mario Bros., wanda na saya a kwandon janku tun da daɗewa don marmari kawai. Na goge haƙoransa da auduga da sifirit, audugar ta fito baƙa. Haƙora 60 ne, daidai da na kasusuwan rawayan nan namu na gida, domin Famicom na Japan aka kwaikwaya aka kawo mana, ba NES na Amurka mai haƙora 72 ba. A ƙasan ramin kaset akwai wani makunni mai zamiya, gefe ɗaya an rubuta kaset, ɗayan faifai, kuma muddin kaset na ciki ba ya yarda ya koma gefen faifai. Na tura shi gefen kaset, na kunna. Hoto ya fito tas.

Kiɗan ne ya tsayar da ni. Kiɗa ne da zan iya rerawa ko daga barci aka tashe ni, amma wannan yana gudu, kuma muryarsa ta ɗan sauya. Da farko na zaci wata matsala ce. Ashe wannan ne ainihin saurinsa. Talabijin ɗinmu na Najeriya tsarin PAL ne, hoto 50 a daƙiƙa, na Japan kuwa NTSC, hoto 60. Gem ɗin da aka yi mana an saita shi ya bi talabijin ɗinmu, sai komai ya ragu da kashi ɗaya cikin shida, tsalle da gudu da kiɗa. Shekara da shekaru ina jin waƙar a hankalce ban sani ba. Na zauna a ƙasa na bar ta tana ta zagayawa har lokacin matakin ya ƙare, ban ko taɓa hannun ba.

Washegari na koma Nipponbashi na sayo faifai, The Legend of Zelda, wasan da aka ƙaddamar da Disk System da shi. Ɗan faifai ne rawaya, faɗinsa kamar inci 3, kuma ba shi da ƙyauren ƙarfen nan da ke rufe tagar faifan kwamfuta na da. Tagar a buɗe take, shi ya sa ake ajiye shi cikin 'yar rigar takarda, kuma shi ya sa da yawansu suka yi fumfuna. Na ɗaga shi a hasken taga ina juya cikinsa a hankali har na zagaye, ban ga tabo ba. Na cire kaset, na mai da makunni gefen faifai. Allo ya nuna sararin sama mai taurari da sunan FAMICOM, Mario da Luigi suna ta kai-komo, ɗaya ya kunna fitila ɗaya ya kashe, ana jira a saka faifai. Na saka. Na ji moto yana kuka shi kaɗai, siririn kuka mara nauyi, irin na abin da ba ya jan komai. Duk ɗan mai gyaran rikoda ya san wannan kuka.

Na juya akwatin na kwance sukurorin ƙasa, na jera su a murfin kwalba. Da na ɗaga saman na daɗe ina kallo kafin in taɓa komai. Babban fanel ne cike da aisi, wato ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu, kowanne da sunansa a rubuce a bayansa, kowanne da ƙafafunsa a fili inda ayan ɗin narka dalma zai iya kaiwa. Ga RP2A03, ƙwaƙwalwar da kamfanin Ricoh ya yi wa Nintendo a kan tsarin 6502, mai gudun megahaz 1.79, wadda ita ce kuma ke fitar da sauti. Ga RP2C02 mai zana hoto. Ga RP2C33 mai kula da faifai, wadda a na'urar Nintendo take cikin wani baƙin kaset na daban da ake cusawa a Famicom, tare da ma'ajiyar kilobayit 32 da ake zuba wasan a ciki in an karanto shi. A nan duk an dasa su wuri ɗaya. Ba kamarsu aka yi ba, su ɗin ne, lambobin da ke cikin Famicom na Nintendo su ne a nan. Izinin ke nan in ka buɗe shi da sukundireba. Sharp ya yi akwati, da sashen wuta, da hanyar fitar da hoto, da makunnin zaɓi, zuciyar kuwa daga tushe ɗaya aka ɗebo.

Na gidanmu wata hanya ya biyo. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanonin Taiwan, musamman UMC, suka kwaikwayi aisin Ricoh ɗin nan biyu suka yi nasu, daga baya aka matse komai cikin ƙwaya ɗaya aka rufe da baƙin ɗigon da Baba ya nuna mini. Da irin waɗannan aka cika kasuwannin Rasha, inda ake kiransa Dendy tun 1992, da Gabas ta Tsakiya, da Kudancin Amurka, da namu. Ba na raina su ko kaɗan. Ban taɓa ganin Famicom na asali a unguwarmu ba, kuma ba don kwaikwayon nan ba da ni da abokaina ba mu san wannan duniya ba. Amma wanda ke gabana an yi shi ne da tunanin wata rana wani zai buɗe shi da niyyar gyara, kuma wannan ya taɓa ni.

Injin faifan yana gefe, cikin gidansa na ƙarfe, ƙirar kamfanin Mitsumi. Na zare wayarsa, na kwance shi, na juya cikinsa sama na cire farantin ƙasa. Babu bel, wato zoben robar da moto ke juya faifai da shi. Inda ya kamata a gan shi, wani baƙin abu ne ya naɗe a fulin moto, wato gargaren da bel ke hawa, wani kuma ya manne a jikin babban fuli, guntu-guntu. Na taɓa da yatsa, ya biyo ni kamar ƙaro, kuma sai da na wanke hannu sau uku kafin ya fita. Don in kai ga babban fulin sai da na kwance wani ƙarfe mai kusurwa uku da ya danne giyoyin, na ɗaga su na ajiye gefe.

Ƙarfe tara na dare ne a Osaka, ɗaya na rana a Kano. Na kira Baba ta WhatsApp, na same shi ya dawo daga masallaci yana buɗe shago.

"Baba, kun wuni lafiya? Ya kasuwa?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya karatu? Ba ka kwanta ba?"

Na juya masa kyamara a kan tebur. Ya sa tabarau ya ce in matso da wayar.

"Ai bel ne ya narke. Haka na tsofaffin rikoda ke yi in an daɗe ba a kunna ba. Kar ka kankare da ƙarfe, za ka ji wa fulin ciwo, sabon bel ɗin ya riƙa zamewa. Sifirit da auduga, ka bi shi a hankali har audugar ta fito fara. Ka ga sukurun can kusa da hed mai karanta faifan, wanda aka ɗiga wa fenti? Kar ka taɓa shi. Wanda ya ɗiga fentin nan da na'ura ya auna, kai da ido za ka auna." Ya ɗan yi shiru yana kallo. "Waɗannan giyoyin da ka ajiye gefe, ka yi musu alama kafin ka cire?"

"A'a Baba, na riga na cire."

"To. Allah ya ba da sa'a. Za ka sha aiki, amma zai yi."

Gogewar ta ci mini dare guda da rabin kwalin audugar kunne. Ramin fulin moto ya fi ba da wuya, don ƙaron ya shige ciki, sai da na riƙa bi da tsinken sakace. Bel ɗin kansa ba irin da za ka samu a kowane shago ba ne, siriri ne mai faɗi, kuma Nintendo ya daina karɓar gyaran waɗannan na'urori tun 2007. Amma akwai masu yin sabbi don masu sha'awa, na yi oda ta intanet ya iso cikin ambulan. Na ratsa shi ta ƙarƙashin ƙarfen, na ɗora a fuli biyun, na tabbatar bai murɗe ba, na mayar da giyoyi yadda na ga sun zauna, na ɗaure.

Wannan karon da na saka faifai sai na ji injin ya ɗauka da nauyi, hed ya tafi, ya yi ƙas ya dawo. Raina ya yi fari. Sai allo ya yi baƙi, ya nuna lambar kuskure, ERR.22.

Sai da na zauna na fahimci yadda injin ke aiki kafin na gane abin da Baba ya hango. Faifan kwamfuta na da zobe-zobe ne a jere, hed yana tsallakawa daga wannan zobe zuwa wancan yadda aka umarce shi. Wannan ba haka yake ba. Tsarin Quick Disk ne na Mitsumi, layi ɗaya tal ne a kowace fuska, ya naɗe yana zagayawa kamar yadda ake ɗinka faifan kaba na rufe ƙwarya. Hed ba ya zaɓar inda za shi. Moto ɗaya ne ke juya faifan, shi ne kuma ta hanyar giyoyin nan yake tura hed daga baki zuwa tsakiya, ya share fuskar gaba ɗaya cikin 'yan daƙiƙu, ya koma farko. In wasa na son wani abu da ke tsakiya, sai an bi layin tun daga baki. A kan sandar da ke juya faifan kuma akwai ɗan tsinke da ke shiga wani rami a cibiyar faifai, don kullum ya zauna a fuska ɗaya. Ma'ana juyin faifai da tafiyar hed a ɗaure suke da juna. Da na cire giyoyi na mayar ba bisa alama ba, sai hed ya koma yana bin tsakanin layi da layi, inda babu komai sai shiru.

Maganin shi ne a sassauta kan sandar, a juya shi kaɗan, a ɗaure, a gwada. Wani ɗan mitsitsin sukuru ne ke riƙe da shi, sai da alanki mai milimita 1.5. Na juya babban fuli da yatsa har hed ya kai ƙarshe ya yi ƙas ɗin nan, na ɗauki wannan a matsayin mafari, na ɗiga alama da jan alƙalami, abin da ya kamata in yi tun farko. Daga nan na shiga zagaye. Sassauta, juya kamar faɗin ƙwayar gero biyu, ɗaure, jona waya, saka faifai, jira, karanta lamba, rubuta a takarda. Daren farko 22 kawai nake gani, wato injin bai ma ga farkon bayanin ba. A dare na biyu ta koma 21. Wannan lamba tana fitowa ne in na'urar ta fara karantawa amma ba ta samu kalmar da ke buɗe kowane faifai daidai ba, wato *NINTENDO-HVC*. Na yi murna da 21 kamar an ba ni kyauta, domin tana nufin hed ya fara shafar gefen layi.

A cikin wannan kai-komo na lura da wani abu a bakin injin. A gindin kowane faifai an tona sunan NINTENDO, wasu haruffan sun fi zurfi, a cikin injin kuma akwai wani faranti mai tudun haruffa da ke shiga waɗannan ramuka. Faifan da ba shi da su ba ya zama daidai. Dabara ce ta hana faifan bogi, ko da yake masu kwafi sun riƙa sauya harafi ɗaya ko biyu suna wucewa. Abin da ya burge ni shi ne a cikin akwatin da ke ɗauke da sunan Sharp, injin yana laluben sunan Nintendo a jikin roba, ƙwaƙwalwar kuma tana neman sunan Nintendo a cikin bayanin, kafin a buɗe maka ƙofa.

Dare na uku aka koma 27. Yana fara lodi, ya yi nisa, sai ya yanke. A nan zuciyata ta raya mini in taɓa sukurun fentin nan, ko in murɗa saitin gudun moto. Na riƙe sukundireba a kansa, na tuna maganar Baba, na ajiye. Maimakon haka na goge hed da sifirit, audugar ta fito da ɗan ja-ja. Na duba ɗan ƙyallen da ke danna faifai a kan hed ta ɗaya gefen, ya taurare da datti, na tsefe shi a hankali da bakin allura. Na ƙara juya kan sandar ƙasa da ƙwayar gero ɗaya. Na saka faifai.

Injin ya tafi, ya yi ƙas, ya sake tafiya. Allo ya yi baƙi, na sa ido ina jiran lamba. Sai na ji ƙararrawa. Ruwa yana gangarowa daga dutse, takobi a sama, da kiɗan buɗewa mai wata murya mai zurfi da ban taɓa ji a gem ba. Wannan murya daga RP2C33 take fitowa. Famicom muryoyi biyar yake da su, sashen faifai ya ƙara ta shida, kuma na'urorin ƙuruciyarmu ba su da ita, tunda ba su da faifai. Na ɗauki bidiyo na tura wa Baba da yayana. Baba ya aiko da saƙon murya: "Madalla. Ba ka taɓa na fentin ba ko?"

Ban yarda da nasarar nan take ba. Injin da saitinsa ya ɗan kauce yana iya karanta faifai ɗaya ya ƙi wani, kuma in ka bar shi ya yi rubutu a haka zai iya ɓata faifan da ya yi shekara talatin da ɗoriya lafiya. Na sayo wasu biyu masu arha, na gwada kowanne fuska biyu, sau da yawa, da sanyin safiya da kuma bayan na'urar ta yi zafi. Ɗaya daga cikinsu tambarinsa wani wasa ne, abin da ke ciki wani daban. Wannan ma tarihi ne. A lokacin akwai injunan Disk Writer a shagunan Japan, yaro ya kai faifansa ya biya yen 500 a goge tsohon wasa a zuba masa sabo, alhali kaset yana cin dubbai. Faifai fuska biyu yana ɗaukar kimanin kilobayit 112, kusan ninki uku na kaset ɗin Mario mai kilobayit 40, ga shi ana iya ajiye inda aka tsaya. Sai dai wannan fifiko bai daɗe ba. A cikin 1986 ɗin kanta kaset mai kilobayit 128 ya fito, ba da jimawa ba aka fara saka wa kaset ɗan batir yana riƙe ajiya, kuma kaset ba ya sa ka jira, ba shi da bel. Rabin Twin Famicom ya tsufa tun yana sabo.

Da duka ukun suka yi ta karantuwa ba gargada, na koma kan Zelda don gwajin ƙarshe, wato rubutu. Wasan yana da gurbin suna uku. Biyu a cike suke. Na farko suna ne da haruffan katakana na Japanci, irin gajeren sunan da ake kiran yaro da shi a gida, da jerin zukata masu yawa a gefensa, alamar ya yi nisa sosai. Na biyu zukata uku kacal, kamar ƙane ne da aka bari ya taɓa sau ɗaya. Ban goge ko ɗaya ba. Na shiga gurbi na uku na rubuta sunana da haruffan boko, na juya faifai lokacin da aka nema, na shiga kogon farko na karɓi takobi, na bari aka kashe ni, na zaɓi ajiyewa. Jar fitilar injin ta kama, na ji hed ya bi layinsa daga baki zuwa tsakiya. Na kashe na'urar, na zare adafta daga bango, na je na yi sallar isha. Da na dawo na kunna, sunaye uku ne a jere, nasu biyu da nawa a ƙasa. Na kashe, na mayar da injin cikin gidansa, na ɗauko murfin kwalbar na fara ɗaure sukurorin ƙasa.